Tarihin Shirye-shiryen Ban Tsoro Masu Labari Ɗaya-Ɗaya a Talabijin

Daga cikin nau'o'in wasan kwaikwayon talabijin akwai wanda masana harkar suke kira antoloji, kalma mai asali daga Girkanci wadda ma'anarta ta farko ita ce tsinko furanni a haɗa su wuri guda, aka fara amfani da ita ga littafin da ya tattara zaɓaɓɓun waƙoƙi ko gajerun labarai, daga baya aka aro ta ga rediyo da talabijin. A irin wannan shiri kowane kashi labari ne cikakke, da farkonsa da ƙarshensa da mutanensa, ta yadda wanda ya kalli na wannan mako ba ya bukatar sanin abin da ya gudana a makon jiya, kuma mutanen da ya gani ba za su sake dawowa ba. Abin da ya raba shi ke nan da shiri mai dogon zango, inda ake bin jarumi ɗaya ko iyali ɗaya shekara da shekaru.

Wannan tsari ya dace da labarin ban tsoro fiye da kowane irin labari, domin a shiri mai dogon zango mai kallo ya san duk tsananin haɗarin da jarumi ya shiga zai tsira, tunda an riga an sanar da kashi na gaba, alhali a antoloji babu wanda yake da tabbacin kaiwa ƙarshen rabin sa'a da ransa. Sai dai inda ƙarfin yake nan raunin yake ta fuskar kasuwa, saboda gidan talabijin da mai kallon da yake dawowa kowane mako yake cin abinci, mutane kuwa sun fi komawa wurin fuskar da suka saba da ita. Tarihin fannin, wanda ya haura shekara 90, tarihi ne na dabarun da aka yi ta ƙirƙirowa don a ba mai kallo abin riƙewa a shirin da komai nasa yake canzawa, haɗe da jayayyar da ba ta taɓa kwantawa ba a kan iyakar abin da za a yarda a nuna a tsakar iyali.

Gadon rediyo

Tushen al'adar yana gidajen rediyon Amurka na shekarun 1930. A 1931 tashar WOR ta birnin New York ta fara gabatar da The Witch's Tale, wato labarin mayya, wanda Alonzo Deen Cole yake rubutawa, inda wata tsohuwar mayya mai suna Nancy, tare da kyanwarta, take buɗe kowane labari ta kuma rufe shi. Tun daga nan aka samo dabara ta farko kuma mafi daɗewa, wato mai gabatarwa: labari ya canza, 'yan wasa su canza, amma muryar da take yi wa mai saurare maraba tana nan ba ta gushe ba. Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne ga wannan gini, tunda shi ne na akun nan da yake jero labarai a Magana Jari Ce na Abubakar Imam, shi ne kuma na Dare Dubu da Ɗaya, inda mai ba da labari ɗaya take ɗaure labarai masu yawa waɗanda babu abin da ya haɗa su sai bakinta.

A 1934 Wyllis Cooper ya ƙirƙiro Lights Out a Chicago, ana watsa shi da tsakar dare, Arch Oboler kuma ya gaje shi a 1936. Shirin ya yi suna ne da ƙwarewar masu haɗa sauti, waɗanda suke sara kabeji da wuƙa a gaban makirfo don a ji kamar an fille kai, ko su soya nama a kasko don a ji kamar jiki yana ƙuna, sauran aikin kuma zuciyar mai saurare ta ƙarasa shi. Inner Sanctum, wanda Himan Brown ya fara a 1941, ya ƙara wata dabara, wato alamar sauti: ƙarar wata tsohuwar ƙofa da take buɗewa a hankali, wadda duk wanda ya ji ta ya san lokaci ya yi. A tsakiyar shekarun 1940, lokacin da kamfanin shayi na Lipton ya ɗauki nauyin shirin, mai gabatarwa yakan yi barkwancinsa na gawa da kabari, sai wata mata mai sakin fuska ta katse shi da tallar shayi. Wannan zama na dole tsakanin mai tsoratarwa da mai talla shi ne zai mallaki fannin har kusan shekara 40.

Zamanin mai ɗaukar nauyi

Da talabijin ta shiga gidajen Amurka a ƙarshen shekarun 1940, shirye-shiryen rediyo suka bi ta, har Lights Out da Suspense duka suka zama shirye-shiryen mako-mako a 1949. An ce gani ya kori ji, amma a nan ganin ne ya zo da matsala, domin dodon da kunne yake ƙerawa kyauta yanzu sai an gina shi da roba da fenti, a ɗan ƙaramin ɗaki, kuma kai tsaye ake watsawa, babu damar gyara kuskure. Ban da haka, a wancan zamani kamfani ɗaya ne yake biyan kuɗin shiri gaba ɗaya, wakilansa suna karanta rubutun kafin a ɗauka, sannan ƙa'idar da ƙungiyar gidajen watsa shirye-shirye ta fara aiki da ita a 1952 ta shardanta kada a nuna mai laifi ya ci bulus. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka marubutan suka koyi yin askin ta hanyar da za ta bar musu ɗan abin da suke so.

Wanda ya fi kowa iya wannan wasa shi ne Alfred Hitchcock, daraktan fim ɗan Ingila, wanda shirinsa Alfred Hitchcock Presents ya fara a tashar CBS a watan Oktoba na 1955, ya ci gaba har 1965 bayan an faɗaɗa shi zuwa sa'a guda a 1962. Shi kansa bai ba da umarni ba sai a kaɗan daga cikin ɗaruruwan labaran, amma sunansa da zanen inuwar fuskarsa da yadda yake yi wa masu talla shaguɓe su ne suka riƙe masu kallo. Kashin da ake kira Lamb to the Slaughter, na 1958, wanda aka ɗauko daga gajeren labarin Roald Dahl, ya nuna dabarar a fili. Wata mata mai juna biyu, mijinta ɗan sanda ya gaya mata zai rabu da ita, sai ta maka masa cinyar rago da ta daskare a firiza, ya faɗi matacce, ta jefa cinyar a tanda ta tafi kanti sayen kayan miya. Abokan aikinsa suka zo bincike, suka birkice gida suna neman makamin, dare ya yi, yunwa ta kama su, ta roƙe su su ci abincin da ta dafa, suka zauna suka cinye shaidar tas suna tattauna inda makamin zai kasance. Labarin ya ƙare tana dariya. Sai bayan nan Hitchcock ya fito ya shaida wa masu kallo cewa asirinta ya tonu da ta gwada dabarar a kan miji na biyu, wanda ya manta bai haɗa firiza da wuta ba, naman ya yi laushi. An cika ƙa'ida da fatar baki, mai kallo kuma ya san wane ƙarshe ne na gaskiya.

Rod Serling ya bi wata hanya dabam. Tsohon sojan laima ne da ya yi yaƙi a Filifin a Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma yi suna da wasannin kwaikwayo masu taɓo matsalolin al'umma, amma da ya rubuta wasa a 1956 bisa kisan Emmett Till, yaro baƙar fata da aka hallaka a jihar Mississippi a 1955, sai masu ɗaukar nauyi suka sa aka ɗauke labarin daga kudancin ƙasar, aka kuma canza asalin wanda aka kashe, har abin ya fita daga kamanninsa. Darasin da ya koya shi ne cewa maganar da ba za a bar sanata ko alƙali ya faɗa a talabijin ba, za a bar wata halitta daga sararin samaniya ta faɗe ta. The Twilight Zone ya fara a CBS ranar 2 ga Oktoba, 1959, ya ƙare a 1964 da kashi 156, Serling ya rubuta 92 daga ciki, yawancin sauran kuma Richard Matheson da Charles Beaumont da wasu kaɗan suka raba.

A kashin The Monsters Are Due on Maple Street, na 1960, wani abu ya gifta a sama, wuta ta ɗauke a wata unguwa mai zaman lafiya, motoci suka ƙi tashi, sai wani yaro ya ce ya karanta a labari cewa baƙi daga wata duniya sukan aiko da 'yan leƙen asiri cikin siffar mutane. Kafin dare ya raba, maƙwabtan da suka yi shekaru tare sun fara tuhumar juna: wannan don motarsa ta tashi ita kaɗai kuma ba ya barci yana kallon taurari, wancan don yana da na'urar rediyo a ɗakin ƙasa. Wani mutum ya taho cikin duhu aka harbe shi, ashe maƙwabcinsu ne da ya je duba ko layin gaba yana da wuta. A ƙarshe kyamara ta ja baya zuwa kan tudu, inda baƙin na gaske suke wasa da wutar unguwar, suna lura da cewa ba sa bukatar ɗaga makami. Amurkawan da ba su daɗe da fita daga zamanin farautar 'yan gurguzu na Sanata Joseph McCarthy ba sun san da wa ake.

Shekarun farko na 1960 su ne ganiyar fannin a Amurka. Thriller, wanda Boris Karloff ya gabatar a NBC daga 1960 zuwa 1962, shi ne ya fi kusa da tsoro tsantsa na tsofaffin gidaje da fatalwa, The Outer Limits kuma, daga 1963 zuwa 1965 a ABC, ya karkata ga ƙagaggen labarin kimiyya, da sabon dodo kusan kowane mako. Daga nan kasuwa ta juya musu baya. Gidajen talabijin sun daina dogaro da kamfani ɗaya, suka koma sayar da mintocin talla ga kamfanoni da yawa, abin da ya mayar da yawan masu kallo ma'aunin komai, sannan lissafi ya nuna cewa shiri mai dogon zango ya fi araha, tunda ɗaki ɗaya da tufafi ɗaya da 'yan wasa ɗaya ake maimaitawa, antoloji kuwa kowane mako daga tushe yake farawa. Night Gallery, wanda aka gwada a 1969 ya gudana daga 1970 zuwa 1973, inda Serling yake tsayawa gaban zane-zane yana buɗe labarin kowane zane, shi ne yunƙuri babba na ƙarshe a wancan zamani, kuma a gwajinsa ne Steven Spielberg, yana ɗan shekara 22, ya ba da umarni ga tsohuwar tauraruwa Joan Crawford.

Birtaniya da sauran ƙasashe

A Birtaniya, inda BBC take samun kuɗinta daga harajin mallakar talabijin, babu mai tallar da za a lallaɓa, kuma abin da ya ɗaure labaran wuri guda shi ne lokacin shekara. Tun zamanin Sarauniya Victoria Turawan Ingila suna da al'adar ba da labarin fatalwa a daren Kirsimeti, kuma M. R. James, masanin tsofaffin rubuce-rubuce kuma shugaban King's College a Jami'ar Cambridge, ya shahara da karanta wa abokansa nasa labaran a irin wannan dare. Daga 1971 zuwa 1978 BBC ta riƙa nuna fim ɗaya kowace Kirsimeti a jerin da aka sani da A Ghost Story for Christmas, kusan dukansu aikin darakta Lawrence Gordon Clark, biyar na farko kuma daga labaran James aka ɗauko su.

A Warning to the Curious, na 1972, ya isa misali ga salon. Wani magatakarda da ya rasa aikinsa ya tafi gaɓar teku a gabashin Ingila neman wani tsohon kambin sarauta da aka ce an binne shi don tsare ƙasar daga mahara, ya tona ya same shi, daga nan kuma bai sake zama shi kaɗai ba. Babu jini a zo a gani, babu dodo mai fiƙa. Abin da ake nunawa shi ne faffaɗan rairayi da sararin sama mai toka-toka, can nesa kuma wani ɗan baƙin ɗigo mai siffar mutum yana tsaye, sai a hoto na gaba a ga ya ɗan matso. Ko da mutumin ya mayar da kambin inda ya ɗauko shi, hakan bai fanshe shi ba. Tashoshin kasuwanci na ITV su ma sun ba da nasu: Beasts na Nigel Kneale a 1976, Tales of the Unexpected daga 1979 zuwa 1988, wanda Roald Dahl ya gabatar da zangonsa na farko yana zaune a kujera gefen murhu, da Hammer House of Horror mai kashi 13 a 1980. Wani ɓangare na wannan gado ya salwanta, domin a wancan lokaci ana goge faifan bidiyo a sake ɗaukar wani shiri a kansa saboda tsada, shi ya sa daga kashi 7 na Dead of Night na 1972 uku kawai suka rage.

Sauran ƙasashe sun zuba nasu abin tsoron a cikin wannan mazubi. A Sifaniya, ƙarƙashin mulkin Janar Franco, Narciso Ibáñez Serrador ya fara Historias para no dormir, wato labaran hana barci, a 1966, kuma ɗaya daga cikin labaransa da aka fi tunawa labarin wani mutum ne da ya maƙale a narkakkiyar kwalta yana nutsewa a hankali, jama'a suna wucewa, ma'aikata suna ta cike takardu. A Koriya ta Kudu tashar KBS ta fara Jeonseol-ui Gohyang a 1977, tana ɗauko almarorin ƙauyuka na matan da aka zalunta suka dawo fatalwa da na dila mai wutsiya tara. Japan tana da tsohuwar al'ada tun zamanin Edo, inda ake kunna fitilu 100, kowa ya ba da labari ya kashe guda, har ɗaki ya yi duhu, a kuma lokacin zafi suke ba da irin waɗannan labarai; Yonimo Kimyo na Monogatari, wanda Fuji TV ta fara a 1990 da mai gabatarwa Tamori, ya gaji wannan ɗabi'a. A Indiya, buɗe kasuwar tashoshin tauraron ɗan adam ya haifar da Zee Horror Show na 'yan gidan Ramsay a 1993 da Aahat a 1995, a Meziko kuwa La Hora Marcada na ƙarshen shekarun 1980 shi ne makarantar da Guillermo del Toro da Alfonso Cuarón suka koyi aiki.

Mujallun zane da tashar biyan kuɗi

Farfaɗowar fannin a Amurka ta biyo ta wata tsohuwar rigima. Daga 1950 kamfanin EC na William Gaines ya riƙa buga mujallun labarai cikin zane, shahararriyarsu Tales from the Crypt, masu gajerun labarai na mugun da ya faɗa ramin da ya gina, a bisa ƙa'idar da Bahaushe zai ce alhaki kuikuiyo ne, mai shi yake bi, sai dai hukuncin yakan zo da muni ƙwarai. A 1954 likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya fitar da littafi yana ɗora wa irin waɗannan mujallu alhakin lalacewar tarbiyyar yara, wani kwamitin Majalisar Dattawa ya zauna a kan batun, Gaines ya bayyana gabansa, masu buga mujallu kuma suka kafa hukumar tace kansu wadda ta hana ko da sanya kalmomin tsoro da firgici a sunan mujalla. Zuwa 1955 mujallun ban tsoron EC sun mutu.

Yaran da suka karanta su a ɓoye su ne suka zama daraktoci da marubuta bayan shekara 30. George Romero da Stephen King sun yi fim ɗin Creepshow a 1982 don tunawa da su, Romero ya bi shi da Tales from the Darkside, wanda ya gudana har 1988, ana sayar da shi kai tsaye ga ƙananan tashoshi ba tare da an bi ta manyan gidaje uku, wato CBS da NBC da ABC, ba. Babban sauyin ya zo a 1989, lokacin da HBO ta fara Tales from the Crypt. Da yake HBO tasha ce da mai kallo yake biyan kuɗin wata kafin ya kama ta, ba ta sa talla, dokokin da suka ɗaure tashoshin kyauta kuma ba su hau kanta ba, sai jini da tsiraici da ashar suka shigo babu shamaki. Mai gabatarwa mutum-mutumi ne na ruɓaɓɓiyar gawa mai gadin kushewa, da muryar John Kassir, yana zuba barkwanci irin na mai gabatarwar Inner Sanctum. A kashi 93 da aka yi zuwa 1996, gajartar aikin ta zama abin jan hankali, domin tauraron da ba zai ba da shekara biyar ga shiri ba yana iya ba da mako guda, har Arnold Schwarzenegger da Tom Hanks kowannensu ya ba da umarni a kashi ɗaya. A daidai wannan lokaci yara ma sun sami rabonsu a Are You Afraid of the Dark?, inda matasa suke zagaye wuta a daji suna ba juna labari, da Goosebumps na 1995 zuwa 1998, daga littattafan R. L. Stine.

Sabon ƙarni

Masters of Horror, wanda Mick Garris ya haɗa wa tashar Showtime daga 2005 zuwa 2007, ya maye gurbin mai gabatarwa da sunan darakta, aka ba irin su John Carpenter da Dario Argento da Joe Dante sa'a guda kowa ya yi abin da ya ga dama. Dante ya yi amfani da tasa ya nuna sojojin da suka mutu a yaƙi suna tasowa daga akwatunan gawa don su jefa ƙuri'a a kan gwamnatin da ta tura su, a daidai lokacin da yaƙin Iraƙi yake ci, wato dabarar Serling ce cikin sabuwar riga. Ko a nan iyaka ta bayyana, domin tashar ta ƙi nuna kashin da daraktan Japan Takashi Miike ya yi saboda tsananin azabtarwar da take cikinsa.

Shekarar 2011 ta kawo amsoshi biyu ga tsohuwar matsalar riƙe mai kallo. American Horror Story na Ryan Murphy da Brad Falchuk, a tashar FX, ya mayar da ma'aunin daga kashi zuwa zango: labari ɗaya yana ɗaukar zango guda, gidan fatalwa a na farko, asibitin masu taɓin hankali a na biyu, makarantar mayu a na uku, amma 'yan wasa irin su Jessica Lange da Sarah Paulson da Evan Peters suna dawowa a matsayin wasu mutane dabam. Ta haka mai kallo ya sami fuskar da ya saba da ita, marubuci kuma bai rasa 'yancin kashe wanda ya so ba. Channel Zero, The Terror, da jerin Mike Flanagan da ya fara da The Haunting of Hill House a 2018 duk a kan wannan turba suke. Black Mirror na Charlie Brooker, wanda ya fara a Channel 4 ta Birtaniya ya koma Netflix a 2016, ya ɗaure labaransa da jigo ɗaya, wato abin da na'ura take fito da shi daga halin ɗan Adam, sunansa ma daga baƙin gilashin waya ko kwamfuta da aka kashe ya samo asali. Inside No. 9 na Reece Shearsmith da Steve Pemberton, daga 2014 zuwa 2024 a BBC, ya rage igiyar zuwa lamba: kowane labari yana faruwa a wurin da yake ɗauke da lamba 9, gida ko ɗakin otal ko taragon jirgin ƙasa, da wani ɗan gunkin zomo da ake ɓoyewa a kowane kashi. A 2022 kuma del Toro ya koma gidan jiya a Cabinet of Curiosities, inda yake fitowa da kansa ya buɗe wata tsohuwar akwati ya gabatar da labarai 8, kamar yadda Hitchcock da Serling suka yi.

Ta inda mai kallo zai shiga

Wannan tarihi shi kansa jagora ne ga mai neman abin kallo, tunda kowane zamani da irin tsoron da ya ƙware a kai. Wanda ya fi son labarin da zai bar shi da tunani, wanda kuma za a iya kallo da iyali, The Twilight Zone na asali da shirin Hitchcock sun ishe shi, domin takunkumin da aka sa musu ya tilasta musu dogaro da rubutu. Mai son tsoron da yake shiga jiki a hankali har tsigar jiki ta tashi, fina-finan Kirsimeti na BBC ne nasa, musamman A Warning to the Curious da The Signalman na 1976, wanda aka ɗauko daga labarin Charles Dickens, daga nan ya zarce zuwa aikin Flanagan. Mai son wayo da juyin ƙarshen labari zai sami biyan bukata a Tales of the Unexpected da Inside No. 9, wanda damuwarsa wayar da take hannunsa ce kuma ya nufi Black Mirror. Amma Tales from the Crypt da Masters of Horror da American Horror Story, har da Black Mirror ɗin kansa, 'ya'yan zamanin da aka cire shamaki ne, don manya aka yi su, kuma ya kamata magidanci ya san haka kafin ya kunna su a falo.

Ban da masu labari ɗaya a zango guda, babu wanda ya wajaba a fara shi daga kashi na ɗaya, kuma a nan ne tarihin ya yi wani juyi irin na labaran da yake ɗauke da su. Rashin ci gaban labari, wanda ya sa manyan gidajen talabijin suka yi watsi da antoloji a shekarun 1960, shi ne ya sa ƙananan tashoshi suka yi rububinsa daga baya, tunda ana iya maimaita kowane kashi a kowace rana ba tare da bin jeri ba. Serling, wanda bai zaci shirinsa zai mayar da kuɗin da aka kashe masa ba, ya sayar wa CBS da kasonsa bayan an daina yin sa, ya rasu a 1975 yana da shekara 50. An sake farfaɗo da The Twilight Zone a 1985 da 2002 da 2019, na asalin kuma, mai hoto fari da baƙi, tashar Syfy ta mayar da shi al'adar sabuwar shekara a Amurka, tana jero labaransa dare da rana a duk ƙarshen Disamba.